Darasi: Gano Tsutsotsin Jiki ta Hanyar Gwajin Jini da Bibiyar Magani

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
1. Ambata manyan tsutsotsin da ke damun mutanen yankinmu da inda kowace ke zama a jiki.
2. Bayyana abin da gwajin jini ke nunawa da abin da sai fitsari ko bayan gida ke nunawa.
3. Faɗin lokacin da ya dace a ɗebi jini ko fitsari don kowane gwaji.
4. Bayyana dalilin komawa asibiti a sake gwaji bayan an sha magani.

Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga, ta wuce Shagari zuwa Tambuwal, ya san cewa rayuwar wannan yanki tana tafe da ruwa. Da damina tafkuna sukan cika daga Sifawa da Danchadi har Kajiji da Dandin Mahe. Da rani kuma fadamu da madatsar ruwa ta Shagari ke riƙe da masu noman albasa da tumatur, da masunta, da makiyaya. Wannan ruwa arziki ne, amma a cikinsa dodon koɗi ke zama, a bakinsa sauro ke ƙyanƙyasa, kuma a damshin ƙasar da ke kewaye da shi ƙwayayen tsutsa ke rayuwa.

Yawancinmu idan yaro ya rame ko cikinsa ya kumbura, sai mu ce tsutsar ciki ce, mu aika kemis a sayo ƙwaya. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuɗi ya tafi ciwo yana nan, domin tsutsotsi iri-iri ne kuma maganin wata ba lallai ne ya taɓa wata ba. Darasin yau ya tsaya a kan abu biyu: a gwada kafin a sha magani, a sake gwadawa bayan an sha.

Kashi na ɗaya: Tsutsotsin da wurin zamansu

Tsutsar tsargiya. Ita ke sa fitsarin jini. 'Ya'yanta suna fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi na tafki, su huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa, su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwayayen da suke zubawa ne ke yi wa mafitsara rauni har jini ya fito. Wani likita Bajamushe mai suna Tiyodo Bilhaz ne ya fara ganin wannan tsutsa a Alƙahira a 1851. Akwai 'yar'uwarta da ke zama a jijiyoyin hanji, mai kawo gudawa da jini da kumburin hanta da saifa. Wasu iyaye har yanzu suna ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro. Wannan kuskure ne babba. Tsargiyar da aka bari ta daɗe tana iya lalata ƙoda, ta jawo sankarar mafitsara, ta kuma yi wa mahaifar mace illa.

Tsutsar tundurmi. Sauro ke ɗauko ta daga jinin wani ya sa wa wani, kuma a karkarar Najeriya yawanci sauron nan ne dai mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Manyan tsutsotsin siraran ne kamar zare, suna zama a hanyoyin ruwan jiki, wato inda kaluluwa ke fitowa, tsawon shekara 6 zuwa 8. A tsawon wannan lokaci suna haifar miliyoyin 'ya'ya masu yawo a cikin jini. Ƙarshen abin shi ne kumburin ƙafa ko hannu ko nono, ko gwaiwa ga maza. Mutum yakan kamu tun yana yaro, amma kumburin sai ya girma yake bayyana.

Tsutsotsin hanji. A cikinsu akwai doguwar nan da kan fito a bayan gida ko amai, akwai tsila da ake samu daga naman da bai dahu ba, akwai kuma mai ƙugiya wadda ke shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi a inda ake bayan gida a fili. Mai ƙugiyar ce ta fi shafar darasinmu, domin tana maƙale wa hanji tana tsotsar jini.

Tsutsar makantar kogi. Wani ɗan baƙin ƙuda na bakin ruwa mai gudu ke yaɗa ta. 'Ya'yanta a fata da ido suke zama. 'Yan cin rani da masu fatauci da ke daɗewa a garuruwan bakin koguna ya kamata su san da ita.

Kashi na biyu: Abubuwa huɗu da jini ke nunawa

Na farko, yawan jinin kansa. A ɗakin gwaje-gwaje ana auna wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke sa jini ja yana kuma ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. A asibitocinmu za ku fi jin ana cewa a je a yi PCV, wanda shi ma awon jajayen ƙwayoyin jini ne. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, akwai ƙarancin jini idan himogulobin ya gaza 13 ga namiji baligi, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu, 11.5 ga yaro ɗan shekara 5 zuwa 11. Ku duba wannan lissafi. Tsutsa mai ƙugiya irin wadda ta fi yawa a Afirka ta Yamma tana jawo asarar kimanin mililita 0.03 na jini a rana. Idan mutum yana ɗauke da guda 500, yana rasa mililita 15 kullum, wato mililita 450 a wata, daidai da leda guda ta jinin da ake ɗiba a asibiti. Shi ya sa za a ga manomi yana ci yana ƙoshi amma numfashi na gagararsa a gona, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Sai dai ƙarancin jini shi kaɗai bai tabbatar da tsutsa ba. Zazzaɓin cizon sauro, amosanin jini, haihuwa kusa da kusa da rashin abinci mai gina jiki duk suna kawo shi.

Na biyu, ƙirgen fararen ƙwayoyin jini. A cikin fararen ƙwayoyin da ke kare jiki akwai wani rukuni mai suna iyosinofil, wanda aikinsa yaƙi da tsutsa. Idan yawansu ya haura 500 a kowace maikurolita ta jini, likita yakan yi zargin tsutsa, musamman irin wadda ke ratsa tsoka da jijiya. Wannan gwaji ishara ce kawai. Ba ya faɗin sunan tsutsar, kuma asma da borin jini da wasu magunguna su ma suna ɗaga shi. Haka nan wani yana ɗauke da tsila shekara da shekaru ƙirgensa bai motsa ba.

Na uku, ganin 'ya'yan tsutsa ido da ido. Ana ɗiga jini a kan gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. A nan akwai abin mamaki da ya kamata kowa ya riƙe. 'Ya'yan tsutsar tundurmi da rana sukan ɓuya a ƙananan jijiyoyin huhu, sai dare ya yi su fito cikin jinin da ke kusa da fata, daidai lokacin da sauro ke cizo. Wani likita ɗan Birtaniya, Fatirik Manson, wanda ya gano a ƙasar Sin a 1877 cewa sauro ke ɗaukar su, shi ne ya bayyana wannan ɗabi'a tasu. Saboda haka jinin wannan gwaji tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 na dare ake ɗibarsa. Idan kun ga ma'aikatan lafiya sun zo da izinin hakimi ko mai unguwa suna ɗibar jini da dare, dalilin ke nan. Akwai kuma wata tsutsa ta dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru mai suna lowa-lowa, mai ratsa farin ido. Ita da rana 'ya'yanta ke fitowa, don haka tsakanin 10 na safe da 2 na rana ake neman ta. Wanda ya daɗe a kudu ya faɗa wa likita, domin wannan bayani yana sauya gwajin da za a yi da maganin da za a ba shi.

Na huɗu, alamar tsutsa da martanin jiki. Waɗannan gwaje-gwaje biyu ne da mutane kan rikita. Na ɗaya yana neman wani sinadari da babbar tsutsa ke fitarwa cikin jini. Ga tundurmi akwai ɗan tsinken gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro: a soki yatsa, a ɗiga jini, a karanta bayan minti 10, kuma ana yin sa kowane lokaci, dare ko rana. Na biyu yana neman garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar tsutsar. Garkuwa kamar sawu ce a kan rairayi: tana nuna an wuce ta nan, amma ba ta faɗin ko mai sawun yana nan ko ya daɗe da tafiya. Mutumin da ya yi tsargiya yana yaro, ya sha magani ya warke, garkuwarsa tana iya ci gaba da bayyana shekaru da yawa. Don haka ga wanda ya tashi a bakin tafki, gwajin garkuwa ba ya raba tsohon ciwo da sabo, kuma ba a auna warkewa da shi. Ya fi amfani ga baƙon da ya shiga ruwa sau ɗaya, shi ma sai bayan mako 6 zuwa 8 da shigarsa.

Kashi na uku: Inda jini bai wadatar ba

Kowace tsutsa ana neman ta a inda take zuba ƙwayayenta ko 'ya'yanta. Ku riƙe wannan jeri:

Tsargiyar mafitsara: fitsari, tsakanin 10 na safe da 2 na rana, a haɗa da ɗigon ƙarshe, domin a nan ƙwayayen suka fi taruwa.
Tsargiyar hanji da tsutsotsin hanji: bayan gida sabo, a cikin mazubi mai tsabta da asibiti ya bayar.
Tundurmi: jinin dare, ko tsinken gwaji a kowane lokaci.
Lowa-lowa: jinin rana.
Makantar kogi: ɗan ɓalli na fata da ake tsinka a duba.

A gwajin tsargiya ana tace mililita 10 na fitsari a ƙirga ƙwayayen. Idan sun kai 50, ana cewa kamuwar ta yi tsanani. Ƙwayaye ba sa fita daidai kullum, don haka idan an duba yau ba a gani ba alhali alamu suna nan, likita yakan ce a kawo wani gobe da jibi. Kada a ɗauki wannan ɓata lokaci.

Gwajin yawan jini, fitsari da bayan gida ana yin su a manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Abin da ya fi ƙarfinsu sukan tura shi Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kashi na huɗu: Kowace tsutsa da maganinta

Maganin tsargiya shi ne firazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, don haka yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu zai sha. A makarantu da sandar awon tsayi ake ƙiyasta adadin. A sha shi bayan an ci abinci, domin a ciki wayam yakan kawo jiri da tashin zuciya da murɗar ciki, waɗanda kan wuce cikin yini guda.

Tsutsotsin hanji ana kashe su da albendazol miligiram 400 ko mebendazol miligiram 500. Ba a ba mai juna biyu a watanni ukun farko. Tsila kuwa firazikwantel ya fi kama ta.

Tundurmi a Najeriya ana yaƙar sa da ibamektin, wanda aka fi sani da Mectizan, haɗe da albendazol, sau ɗaya a shekara. Kamfanin Merck ke ba da Mectizan kyauta tun 1987. Ba a ba mai juna biyu, ko wadda ba ta yi mako guda da haihuwa ba, ko yaron da bai kai santimita 90 ba, ko wanda ke kwance da ciwo mai tsanani. Wanda jininsa ke cike da 'ya'yan lowa-lowa, wannan magani yana iya yi wa ƙwaƙwalwarsa illa, shi ya sa ake tambayar tarihin tafiye-tafiye. A asibiti likita yana iya rubuta doksisaikilin na mako 4 zuwa 6, wanda ke kashe wata ƙwayar cuta da manyan tsutsotsin ke dogaro da ita don rayuwa.

Kashi na biyar: Yadda ake sanin magani ya yi aiki

Ga misali don nazari. A ɗauka wani manomi ya kai ɗansa ɗan shekara 10 asibiti saboda fitsarin jini. An sami ƙwayaye 80 a fitsarinsa, himogulobin ɗinsa kuma 9. An ba shi firazikwantel da maganin ƙarin jini. Bayan mako biyu uban ya haɗu da ma'aikaciyar lafiya a bakin kasuwa.

"Baba, ina kwana? Yaya jikin yaron?"

"Lafiya lau, Malama. Jiki ya yi kyau, fitsari ya washe. Ai mun gode."

"Madalla. Sai dai kada a manta ranar da aka rubuta a kati, a kawo shi a sake duba fitsari da jini."

"To mene ne na komawa, ɗiyata, tunda jinin ya tsaya?"

"Baba, abin da ido ke gani ne ya tsaya. Maganin yana kashe manyan tsutsotsi, amma ƙananan da suka shiga jiki kwanan nan sukan tsira, su girma, su ci gaba da zuba ƙwai. Sai mun ƙirga za mu sani."

Gaskiya ta faɗa. Ga abin da ake dubawa idan an koma:

Ƙwayayen tsargiya. Ana sake duba fitsari daga wata 1 zuwa wata 3, gwargwadon yadda likita ya tsara. Idan 80 sun koma 4, raguwar ta kai kashi 95 cikin 100, magani ya yi aiki. Idan har yanzu akwai ƙwayaye masu rai, a sake shan magani. Idan sun ɓace sannan suka dawo bayan damina, sabon kamu ne, yaron ya koma tafki.

Yawan jini. Idan an kashe tsutsa ana kuma shan maganin ƙarin jini kullum, himogulobin yakan ƙaru da kimanin maki 1 cikin mako 2 zuwa 4. A ci gaba da shan sa har wata 3 bayan jini ya daidaita, don jiki ya cika ma'ajiyarsa. Idan wata ya wuce bai motsa ba, akwai wani dalili da ya kamata a nemo.

Iyosinofil. Wani lokaci sukan ƙaru a makonnin farko saboda jiki yana fama da matattun tsutsotsi, sannan su sauka a hankali cikin watanni. Idan sun ƙi sauka, ko dai tsutsar ba ta mutu ba, ko akwai wata da ba a gano ba.

Tundurmi. Ibamektin yana share 'ya'yan tsutsa daga jini, amma ba ya gamawa da manyan. Don haka ana sake duba jinin dare bayan wata 6 zuwa shekara. Tsinken gwaji kuwa yana iya ci gaba da nuna alama watanni da yawa, har fiye da shekara, bayan magani, kuma wannan ba hujja ba ce ta cewa magani ya gaza.

Ku adana kowace takardar sakamako. Lamba ɗaya ba ta da amfani sosai sai an jera ta da ta baya. A garzaya asibiti ba tare da jiran ranar kati ba idan fitsari ya ƙi fita, ko an yi aman jini, ko numfashi ya yi wuya, ko mutum ya rikice bayan shan magani.

Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura saboda tundurmi kuwa, sau da yawa ba a ganin komai a jininsa, domin tsutsar ta mutu ta bar ɓarna. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka ta hanyar cin abinci tare. Abin da ke taimaka masa shi ne wanke ƙafar kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, busar da tsakanin yatsu, ɗaga ta sama lokacin hutu, da sanya takalmi mai laushi. Gwaiwa kuma ana yi mata tiyata a rabu da ita.

Kashi na shida: Bibiyar gari baki ɗaya

Yadda ake bibiyar mutum ɗaya, haka ake bibiyar ƙaramar hukuma. A shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da tundurmi, kuma a Jihar Sakkwato ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana tallafa wa Ma'aikatar Lafiya wajen raba magunguna. Ƙa'idar ita ce a raba magani aƙalla shekara 5 a jere, kowace shekara aƙalla mutum 65 cikin 100 su sha, har manyan tsutsotsi su tsufa su mutu ba tare da sauro ya sami 'ya'yan da zai ɗauka ba. Bayan haka sai a gwada jinin yara 'yan shekara 6 da 7. An zaɓe su ne domin bayan fara rabon magani aka haife su, ko suna jarirai a lokacin. Idan jininsu ya fita da tsabta, yaɗuwar ta yanke, sai a dakatar da rabo, a ci gaba da sake gwaji bayan kowace shekara 2 zuwa 3 don a tabbata. Uban da ya hana a soki yatsan ɗansa a makaranta ya rage wa garinsu hanyar sanin gaskiya.

Wannan aiki yana yiwuwa. Jihohin Filato da Nasarawa sun sanar da yanke yaɗuwar tundurmi a 2017, kuma a shekarar ce aka tabbatar Togo ta kawar da shi. A watan Janairun 2025 maƙwabciyarmu Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta rabu da makantar kogi. Dattawan cikinmu sun san yadda kurkunu ya riƙa kwantar da manoma a tsakiyar damina, ga shi tun 2013 aka tabbatar babu shi a Najeriya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ɗibar jinin gwajin tundurmi da dare?
2. Wane lokaci ya fi dacewa a kai fitsari don gwajin tsargiya?
3. Me ya sa ba a auna warkewa da gwajin garkuwa?
4. Yaro mai kilo 45, ƙwayar firazikwantel nawa ta dace da nauyinsa?
5. Idan ƙwayaye 60 sun koma 6 bayan magani, kashi nawa cikin 100 suka ragu?
6. Ambaci abubuwa uku, ban da tsutsa, da ke kawo ƙarancin jini.

Aikin rukuni

Ku rabu gida uku. Kowane rukuni ya zana taswirar unguwarsu, ya nuna tafkuna da wuraren wanka da wanki da inda ake bayan gida a fili. Ku tambayi ma'aikacin lafiya mafi kusa irin gwaje-gwajen da ake yi a wurinsu da ranakun da ake yi, ku kawo bayanin aji mako mai zuwa.

Jan hankali

Ya ku iyaye da 'yan'uwa, idan yaro ya yi fitsarin jini, ku kai shi a gwada. Idan an ba da magani, ku tabbata an sha duka kuma an ci abinci kafin sha. Idan an rubuta ranar komawa, ku cika alƙawari ko da jiki ya yi kyau. Ku kwana cikin gidan sauro, ku gina masai, ku sa wa yara takalmi, kuma idan masu rabon magani sun zo gari, ku karɓa ku sha a gabansu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.